Maraɗi Na Cin Gonakinta: Ina 'Yan Kasuwa Za Su Tsaya?

Duk mai bin hanyar Jibiya zuwa Ɗan Isa ya shiga Maraɗi ya ga yadda tubalin siminti ke maye gurbin gero tun kafin a bar Jiratawa sosai. A ƙidayar 2001 mutanen birnin ba su kai dubu 150 ba, amma a ta 2012 sun haura dubu 267. Jama'a ta kusa ninkawa, fili kuwa ba ya haihuwa.

Yadda abin ke tafiya sananne ne. Ma'aikatar magajin gari ta yanka gona, ta ba mai ita wani kaso na filayen, ta sayar da saura don cike gibin kuɗin shiga. Mu 'yan kasuwa kuma, musamman masu gudun faɗuwar naira, mu saye mu kewaye mu ajiye, domin fili ba ya ruɓewa kamar albasa. Sakamakon shi ne kangaye birjik babu famfo, babu magudanar ruwa, talaka kuma ya koma zama a bakin kwazazzabo inda ya fi araha. Manomin da ya sayar da gadonsa, bayan shekara biyu sai ka gan shi yana dako a tasha.

Abin mamaki, Maraɗi ta taɓa shan wannan darasi. Ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa Turawan Faransa suka hau da garin kan tudu, suka shata masa tituna a miƙe. Ga shi a daminar 2024 jihar Maraɗi na cikin waɗanda ruwa ya fi yi wa ɓarnar rayuka da gidaje a Nijar.

Yanzu hankali ya koma kan jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Dillalai na ta kururuta filayen da suke cewa nan tasha za ta biyo. A ganinmu, kafin ɗan kasuwa ya ƙirga sefarsa, ya nemi ganin taswirar yankan filin a ma'aikatar magajin gari, ya tabbatar ba wurin da aka ware wa kasuwa, makaranta ko hanya ba ne. Takardar mai gari kaɗai ba ta tsayar da katafila ranar rusau, sitonka kuma da kayan cikinsa babu mai biyan ka.