Lemun tsami da ruwan randa sun fi garin lemo na leda

A Brazil, ƙasar da ta fi kowace noman rake a duniya, abin shan da suke tinƙaho da shi sunansa caipirinha. Ana yanka lemun tsami, a danne shi da sukari a cikin kofi, a zuba ƙanƙara, sannan a ƙara giyar rake. Giya dai haramun ce, ba ta da gurbi a gidajen Tsamaye. Amma in aka cire ta, sauran haɗin abin koyi ne ga uwargida a Sabon Birni da Isa.

A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yara kan ruga sayen garin lemo na leda, wanda yawancinsa zaƙi ne da launi da ƙamshi. Alhali lemun tsami ɗaya ya isa kofi guda. A wanke shi, a yanka gida huɗu, a cire farin zaren tsakiya mai kawo ɗaci. A danna a hankali da sukari cokali biyu ko ɗan mazarƙwaila, a zuba ruwa, a sha nan take kafin ɓawon ya ɓata ɗanɗanon.

Hatsarin yana cikin ƙanƙara. Daskarewa ba lallai ta kashe ƙwayar kwalara ba, cutar da ta yi ɓarna a jihar Sakkwato a 2021. Ƙanƙarar da ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba, gara a haƙura da ita. Ruwan da aka tafasa ya huce, ya kwana a randa mai murfi, ya wadatar.