Tsakuren Masanin Harshe a Taron Likitocin Ƙwaƙwalwa

Duk sa'ad da ƙungiyar masana ƙwaƙwalwa ta Afirka, SONA, ko wani taron likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa ya yi shelar karɓar tsakure, ɗaliban kimiyyar harshe kan ɗauka zancen bai shafe su ba. Wannan kuskure ne, kuma marasa lafiya ne ke ɗanɗana kuɗarsa.

Tun 1861, lokacin da Paul Broca ya bayyana wa masana a birnin Paris majinyacin da ya rasa magana saboda rauni a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwarsa, nazarin harshe da na ƙwaƙwalwa suke tafiya tare. A 1978 Ojemann da Whitaker suka nuna cewa a ƙwaƙwalwar mai harshe biyu, wuraren da ke riƙe da kowane harshe ba lallai su zama ɗaya ba. Shi ya sa a wasu ayyukan tiyata ake barin majinyaci a farke yana ambaton sunayen hotuna, domin likita ya gane inda bai kamata wuƙa ta taɓa ba.

To, da wane harshe za a gwada mutumin Agadas? A kasuwa Hausa yake yi, a gida wataƙila Tamajak, idan kuma ɗan Ingal ne, Tasawak. Idan shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa magana, aka auna shi da gwajin da aka tsara cikin Faransanci, abin da za a gano bai wuce zurfin karatunsa na boko ba. Fassara gwajin ma ba ta wadatarwa. Faransanci ba ya rarrabe kalmomi da karin sauti, alhali Hausa na yin haka, kuma a cikinta tsawon wasali ne ke raba “gari” na zama da “gari” na tuwo. Majinyacin da wannan bambanci ya kuɓuce masa zai iya cin gwajin baƙi sumul, ya koma gida iyalinsa ba sa fahimtarsa. Wanda ya karanci tsarin sauti ne zai lura da wannan giɓi.

Gaskiya ne masu tantance tsakure ba sa karɓar ra'ayi tsagwaronsa. Suna neman tambaya guda, da hanyar bincike, da adadin waɗanda aka gwada, da sakamako, duk cikin ƴan sakin layi, da Faransanci ko Ingilishi. Haka kuma ɗalibi ba ya kusantar majinyaci sai da jagorancin likita, da izinin kwamitin ɗa'a, da yardar majinyacin. Amma akwai aikin da ke hannunsa tun yau: tsara jerin hotuna na raƙumi, rijiya, takoba da tukunya, a gwada su a kan masu lafiya a Agadas, a rubuta sunan da kowa ya bayar da harshen da ya fara zuwa bakinsa. Da irin wannan ma'auni likita zai kwatanta amsar marar lafiya.

Ya kamata malamai su sanya wa'adin waɗannan taruka cikin kalandar sashe, su kuma haɗa kowane ɗalibi mai sha'awa da likitan da zai duba tsakurensa kafin a tura.