Motar kuran okaziyo: a duba batiri kafin fenti

Jama'a, kar ƙyallin fenti ya ruɗe ku. Gaskiya ne motar kuran ba ta shan esansi, ba buji, ba juyen baƙin mai. Amma ranta duka yana cikin batiri, shi kuwa zafi ne maƙiyinsa. Ku dubi tsohuwar Nissan Leaf: batirinta ba ya da ruwan sanyaya, ga kuma ranar Afrilu a Tahoua da Damagaram. Kafin ku biya, ku ƙirga sandunan lafiyar batiri a tablo, na sabuwa 12 ne.

Taya, birki da ƙaramin batiri, ku gyara da kanku. Amma wayoyin nan masu ruwan goro suna ɗauke da bolt kusan 400, suna iya kashe mutum nan take. Wannan sai wanda ya koya. A horar da makanikanmu tun motocin ba su cika kasuwa ba.