A Bar Samarin Kwargaba Da Tsohuwar Lidonsu

Jama'a a yi mini afuwa, yau ba labarin soyayya na zo da shi ba, faɗa na zo yi, kuma a kan lido. Na san wani zai ce wannan ma abin ɓata tawada ne? To ya yi haƙuri ya karanta tukuna.

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar masu cajin waya a Wurno ko Rabah ko Goronyo ya san abin da nake nufi. Saurayi zai goge sabuwar manhajar lido daga wayarsa, ya je wurin mai turi ko wani abokinsa a tura masa tsohuwa ta Xender, wadda aka yi shekara biyar ko shida da suka wuce, sannan ya shiga Play Store ya kashe wurin da waya ke sabunta manhajoji da kanta. Sai ka ji ɗan'uwansa da ya zo hutu daga birni yana yi masa dariya, wai ƙauyanci ne, duniya na gaba shi yana komawa baya. Ni kuwa cewa na yi wannan saurayin ya fi mai dariyar sanin ciwon kansa.

Mu fara tambayar kanmu, me ake sabuntawa a lido? Wasan nan daga Indiya ya samo asali, inda ake kiransa Pachisi, Turawan Ingila suka gyara shi suka yi masa rajista da sunan Ludo a 1896. Tun daga lokacin gida huɗu ne, kowane gida 'ya'ya huɗu, sai ka jefa shida ɗanka ya fito, in ka tarar da na wani ka kore shi ya koma gida. Da kamfanin Gametion na Indiya ya fitar da Ludo King a 2016, wadda ta cika duniya lokacin kullen korona a 2020, bai canza ainihin wasan ba. Haka sauran manhajojin lido da na karta da suka biyo baya. To in wasa bai canza ba fiye da shekara ɗari, me ya sa kowane wata sai waya ta ce maka akwai sabo?

Amsar tana kan fuskar wayar. Abin da ke ƙaruwa shi ne talla kafin wasa, talla bayan wasa, kwabban bogi da ake so ka saya da kuɗin gaske, da naci a kan sai ka shiga da Facebook ɗinka. A cikin tallan nan kuwa har da na caca, da hotunan da ba za ka so ƙanenka ya gani ba alhali yana leƙen kafaɗarka. Don haka sabuntawar ta mai talla ce. Kai mai wasa, kai ne hajar da ake kai wa kasuwa.

Kuma kowace talla da datarka take saukowa. Wanda ke zaune a Abuja kan intanet ɗin ofis ba zai ji zafin wannan ba. Amma yaron da ya wuni a fadama yana ban-ruwan albasa ko tafarnuwa, wayarsa ƙaramar itel ce da ta cika da hotuna biyu da waƙa goma, caji ma sai ya biya, shi ya san bambanci. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Sabuwar manhaja ta fi nauyi, ta fi shan batir, ta fi cin data, kuma wasan shi ne dai na jiya. Wane mai hankali ne zai biya ƙari don a dame shi?

Akwai kuma abin da mutanen gabashin Sakkwato suka gani da idonsu, wanda 'yan birni ba su gani ba. A Satumbar 2021 gwamnatin jiha ta sa aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 saboda 'yan bindiga, Rabah da Goronyo na ciki. Wahalar da aka sha ta fi ƙarfin a haɗa ta da zancen wasa, mutum ba ya iya kiran ɗan'uwansa ko da mutuwa aka yi. Amma ta koya wa jama'a darasi game da wayoyinsu: duk abin da ba ya buɗewa sai da sabis, aro ne. Wanda ya rayu cikin wannan, in ya zaɓi manhajar da mutum huɗu za su zagaye waya ɗaya su yi wasa ba tare da intanet ba, ba kai za ka koya masa wayewa ba.

Masu suka suna da hujja guda mai ƙarfi, ba zan ɓoye ta ba. Manhajar da ke yawo daga waya zuwa waya ba a san hannun da ta bi ba, kuma yanzu mutane da yawa na da asusun banki a wayoyinsu. Gaskiya ne. Sai dai a bambanta tsohuwa da gurɓatacciya. Haɗarin ya fi yawa a irin waɗanda wani ya farke ya ɗinke, ya ce ya sa musu kwabbai marasa iyaka. Wanda aka tura wa lido ta ce tana son karanta saƙonninsa ko lambobin mutanensa, ya goge ta nan take, don lido ba ta da dangi a wayarsa. Amma wa ya tura yaran nan hannun mai turi tun farko? Play Store ba shi da maɓallin da zai mayar da kai kan tsohuwar da ka saba. Daga Android 14 da ya fito a 2023 ma, waya ƙin karɓar manhajar da aka gina don abin da ya girmi Android 6 take yi. An toshe ƙofa, sannan ana zagin wanda ya haura katanga.

Mu da muke karatu ya kamata mu fi kowa gane wannan. Magana Jari Ce tana hannun mutane tun 1937. In ka sayi kwafinka, naka ne. Ba wanda zai shigo ɗakinka da dare ya canza maka shafi, ya liƙa tallar caca tsakanin labarin aku da na Waziri, ya ce in ba ka yarda ba littafin ba zai buɗe ba. Da wani maɗaba'i zai yi haka da mun cika wannan shafi da zagi. To don me za mu yi shiru in an yi wa wasa?

Dattawan da ke dara a gindin bedi kuwa, ramukansu talatin, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, wannan da tsakuwa wancan da kara, ba su san ana wannan rigima ba. Ina jiran ranar da wani ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo zai sa mana ita a waya, mara nauyi, mai aiki ba sabis, wadda ƙaramar itel za ta ɗauka ba tare da an goge hoton kowa ba.