Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Sakatarorin Ilimi Na Kiru, Bebeji, Tudun Wada Da Doguwa

Ranku ya daɗe, kukana a kan darasi guda ne na lissafin firamare: ninka lamba mai ɗigo sau 10, 100 ko 1,000.

Akwai haddar da muka gada, wai "in za ka ninka sau goma, ƙara sifili". A kan 25 tana aiki, ta ba da 250. Amma a ba yaro 2.5, sai ya rubuta 2.50, alhali wannan 2.5 ɗin ce ba ta motsa ba. Amsar 25 ce, domin kowace lamba hawa take yi gurbi ɗaya zuwa hagu: biyu ta koma ashirin, rabi ya koma biyar. Sau 100 gurbi biyu, sau 1,000 gurbi uku.

Da can kwabo ne ke koyar da wannan a aljihu, tun zuwan naira a 1973. Yau wane yaro a Yako ya taɓa cefane da kwabo? To, a koma ga awo. Tef ɗin tela ya isa: mita 1.75 santimita 175 ce. Rabin kilo, wato 0.5, giram 500 ne.

Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024. Gina azuzuwa abin yabo ne, amma bulo ba ya gyara wannan kuskure. Don Allah ku tara malaman lissafi na aji 4 zuwa 6 a yi musu bita kan gurbin lamba, kuma a raba wa kowane aji tef ɗin awo.

Wassalam,
Wani uba daga Yako.