Ku bari kwalliya ta biya kuɗin sabulu

'Yan'uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Legas da sauran makarantun Kudu. Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, mai ƙaramar data ya ajiye shi sai dare. Amma maganar sai na faɗe ta, ko da za a cire ni daga guruf.

Akwai wata muguwar ɗabi'a da muka ɗauko daga gida muka taho da ita har nan, ita ce kashe wa 'ya mace gwiwa da zarar ta fara neman na kanta a bainar jama'a. Namiji ya buɗe shafi yana tallar shadda da hula da agogo, ya ci ado ya ɗauki hoton kansa ta gaba ta baya, sai mu ce "Allah ya yi wa kasuwa albarka, Alhaji." Mace ta buɗe nata tana nuna ɗinki da ɗaurin ɗankwali da kwalliyar amare, sai mu ce "ai Legas ta buɗe mata ido." Haba jama'a!

Da yawanku kun san abin da ya jawo maganar. Wata ƙanwarmu ce 'yar aji uku, ba zan kama suna ba, wanda ya sani ya sani. Lokacin yajin aikin ASUU na 2022, wata takwas cur daga Fabrairu zuwa Oktoba, da yawanmu barci da kallon ƙwallo muka yi. Ita kuwa gidan wata mai ɗinki ta shiga ta koyi yanka da haɗawa, ta ƙara da kwalliya da lalle. Yanzu ranar Asabar da Lahadi tana Agege ko Idi-Araba tana shirya amaren Hausawa. Kayan kwalliya ta saro a Trade Fair, leshi a Balogun, atamfa kuma a aiko mata daga Kantin Kwari. Da kuɗin take biyan ɗakin kwana da rabin kuɗin makaranta. Burinta ba ɓoyayye ba ne, ta sha faɗa: ta gama digiri, ta kafa kamfanin suturar mutunci da sunanta a jiki, ta yi aiki da rini da saƙin gida, ta buɗe wurin koya wa 'yan mata. Sai wani bawan Allah ya ɗauko hotonta daga bidiyon koyar da ɗaurin kallabi ya jefa a guruf da alamar dariya. Aka yi ta caccaka har tsakar dare. Wani mai himma ya tura wa yayanta a gida. Yanzu zaɓi biyu aka ba ta: ta rufe shafin, ko ta tattaro kayanta ta dawo.

To, masu wannan aiki, bari mu bi hujjojinku ɗaya bayan ɗaya.

Kun ce wai wannan ba al'adarmu ba ce, kwaikwayon 'yan Kudu ne. Malam, ka karanta tarihin garinku kuwa? Marinar Ƙofar Mata da ke Kano ana danganta kafuwarta da shekarar 1498. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne saƙa da rini, da yadda tufafin Kano ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Turkuɗin Kura har gobe Buzaye na alfahari da shi. Ɗinkin aska takwas na babbar riga, zanen hula, dilka da humra da turaren wuta na mutanen Borno, sa lalle da kamu, duk namu ne. Ado sana'ar kakanninmu ce, da ita suka gina birane. Abin da ya faru shi ne mun saki. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 da 'yan'uwanta na Kakuri sun durƙushe, yau atamfar da ke cike da kasuwanninmu mafi yawanta daga Sin take zuwa. Ga yarinya ta taso tana so ta riƙe wani reshe na wannan gadon, mu kuma mun ɗauko gatari.

Kun ce ba sana'a ba ce, wasan yara ne da neman suna. To ku tambayi kanku, a bikin da kuka je na ƙarshe, wa ya shirya amarya? Kamu, sa lalle, wuni, dina, kowanne da kayansa da kwalliyarsa, kuma kowanne biya ake yi. Kuɗin nan fita yake daga aljihun iyayenmu da angwayenmu ko muna so ko ba ma so. Tambayar kawai ita ce aljihun wa zai shiga. Mutanen da muke zaune a garinsu sun daɗe da gane haka. Tara Fela-Durotoye tana ɗalibar shari'a a nan Legas ta fara yi wa amare kwalliya, ta kafa House of Tara a 1998, ya zama kamfani mai rassa da makarantar koyarwa wadda ta yaye ɗimbin mata. Omoyemi Akerele, ita ma shari'a ta karanta, ta kafa makon baje kolin sutura na Legas a 2011, yau masu saye daga Turai da Amurka suna zuwa kallo. Da 'yan ajinsu sun yi musu irin abin da muke yi, da yanzu babu labarinsu.

Kun ce karatu zai lalace. Wannan ce ta fi ba ni dariya, don na ga masu faɗar ta. Su ne dai waɗanda a 2024 suka kwashe watanni suna dannar waya dare da rana a kan Hamster Kombat, har a cikin lakca, suna lissafin motar da za su saya. Da ranar fashewa ta zo kowa ya ga abin da ya samu. Ba wanda ya tura hotonku gida ya ce a dawo da ku. Ita da ke da sana'a a hannu, wadda ko ba intanet za ta ci abinci da ita, ita ce mai ɓata lokaci? Kuma ku dubi Haneefah Adam 'yar Ilorin. Tana da digiri na biyu a fannin ilimin magunguna ta fara ɗinka wa 'yar tsana hijabi da abaya tana sakawa a Instagram da sunan Hijarbie. A 2016 manyan kafofin labarai na duniya suka ɗauki labarinta. Karatun bai hana ɗinkin ba, ɗinkin bai hana karatun ba.

Mu ma daina yaudarar kanmu game da halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota daga nan zuwa gida ya koma, ya san farashin kwanon shinkafa, ya san yadda makarantu suka ƙara kuɗi. Ba kowace yarinya ce babanta ke iya turo mata duk wata ba. Wadda ba ta da mai turowa hanya nawa gare ta? Ko ta yi sana'a, ko ta bar karatu, ko ta miƙa hannu ga wanda ba zai bayar don Allah ba. Kun toshe ta farko. Wacce kuke so ta bi a cikin biyun da suka rage?

Saura babbar hujjarku, addini. A nan ba zan yi wasa ba, domin akwai gaskiya a ciki. Musulunci ya sa iyaka a kan bayyana ado, kuma akwai masu shafukan da suka tsallake iyakar, kowa na gani. Amma wadda kuka yi wa taron dangi hijabinta har gwiwa, yawancin hotunanta ma a jikin mutum-mutumin ɗinki take nuna kaya, amare kuma sai da izininsu. Ko da a ce ta yi kuskure, a wane littafi kuka karanta cewa gyara shi ne a ɗauki hoton mace a watsa cikin maza sama da ɗari ana dariya? Nasiha a keɓe ake yin ta, kuma muna da 'yan'uwa mata a kwamitin da'awa da za su iya zama da ita. Abin da kuka yi sunansa giba da tozarci, kuma duk wanda ya je Islamiyya ya san da me Suratul Hujurati ta kwatanta mai yin giba. Kun bar zunubin da kuke da yaƙini a kansa, kun bi wanda kuke zato.

Sannan ku daidaita bakinku. Kullum kuna ƙorafin cewa teloli maza na auna matan mutane, kuna ƙorafin a nan Kudu wani lokaci namiji ne ke shafa wa amarya hoda. To wa zai karɓi aikin idan kun kori matan da ke koyo? Lokacin da aka hana Firdausi Amasa shiga bikin rantsar da lauyoyi a 2017 saboda hijabi, duk mun yi ta rubutu. Da Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sa hijabi a makarantun jihar Legas a 2022, mun yi kabbara. Hijabin nan daga sama yake faɗowa? Wata ce ke yanka shi ta ɗinka ta tallata. Uwar Muminai Zainab 'yar Jahshi sana'ar jima da ɗinkin fata take yi da hannunta, tana sadaka da abin da ta samu. Nana Khadija kuwa ba sai na gaya muku ba.

Yanzu ke ƙanwata, da sauran masu irin burinki, ku ma ga taku, don ba zan kare ku in ɓoye muku gaskiya ba.

Kada ki sayar da man bilicin, komai ribarsa, ko da an canza masa suna an ce "haɗin amarya" ko "na gargajiya". Irin waɗannan haɗe-haɗen sukan ƙunshi sinadarin makuri mai lalata ƙoda, ko magungunan da likita kaɗai ya kamata ya rubuta, masu sa fata ta yi siriri ta ƙi warkewa idan an ji rauni. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan. Baƙin lalle da ake haɗawa da dayis shi ma yana ƙona wasu, har ya bar tabo mai siffar zanen, don haka ki gaya wa kwastoma gaskiya kafin ki zana. Ki wanke burushi da soso tsakanin fuska da fuska, kada ki raba wa mutane ciwon ido da ƙuraje.

Ki sani yawan mabiya ba shi ne jari ba. Shafi na iya rufuwa dare ɗaya, amma hannun da ya iya yanka riga ba mai ƙwace shi. Ki yi rajistar sunan kasuwancinki a CAC, ki raba asusun sana'a da na cefane, ki rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita, ki karɓi kafin alƙalami kafin ki sa almakashi a yadin mutane. Kada ki ɗauki aikin biki a makon jarrabawa. Kuma ki shata wa kanki iyaka tun yanzu, tun kafin kuɗi su fara magana. Halima Aden ta kai ƙololuwa a tallar sutura a Amurka da hijabinta, amma a 2020 ta ajiye aikin ta ce an riƙa jan ta tana sassauta abin da ta yi imani da shi. Idan wadda ta kai can ta ji matsin, ke ma zai zo miki. Ranar da ya zo, ki tuna kayanki kike tallatawa, ba kanki ba.

Mu kuma ga abin da nake nema, kuma ba da wasa nake ba. Shugabannin ƙungiyarmu su sa doka a guruf: duk wanda ya sake saka hoton wata don a yi mata dariya, a cire shi, a kuma kira shi gaban kwamiti. Manyanmu mata da ke digiri na biyu da na uku su kira yayan yarinyar nan su yi masa bayanin abin da take yi da gaske, tunda abin da ya isa kunnensa rabin labari ne. A ranar al'adu ta bana a ware wa masu ɗinki da lalle da turare rumfa, a ba su aikin kayan da za mu sa, maimakon mu kai kuɗin waje. Wanda ya tura hoton kuma, ka san kanka. Ba sai ka fito fili ba, amma ka nemi yafiyarta tun kuna duniya, ka kuma kira inda ka kai maganar ka gyara abin da ka ɓata.

Mu 'yan kaɗan ne a makarantun nan, nesa da gida, kowa da abin da yake fama da shi. Yarinyar da ta baro Arewa ta zo nan, ta riƙe karatunta da mutuncinta, ta kuma ƙi zama 'yar a-ba-ni, ba ta cancanci dariyarmu ba. Idan ba za ka saya ba, ka tura wa mai saye. Idan ba za ka iya ba, ka yi shiru, shi ma taimako ne.

Wanda ke da ja, ga fili nan a ƙasa. Amma ka zo da hujja, kuma kada ka kama sunan kowa.

Allah ya ba mu sana'a mai albarka, ya tsare mana harsunanmu da yatsunmu.