Tambayar Yaro da Amsar Iyaye: Wani Fagen Nazari da Aka Bari a Baya

Tun kafin yaron Bahaushe ya riƙe allo yake fara tambaya game da Ubangiji. Yana ganin hadari ya haɗo daga gabas, ko wata ya fito da Zara kusa da shi, sai ya nemi sanin wanda ya ɗora sama ba tare da ginshiƙi ba. Amsar da ya samu a wannan lokaci tana da tasiri a kan yadda zai ɗauki addini da ilimi har girmansa. Sai dai a gidaje da yawa amsar ba ta wuce "kul, kada ka yi saɓo" ba.

Iyayen da ke yin haka suna ganin kare imanin ɗansu suke yi, alhali kuwa tushen imanin suke dannewa. Suratul Gashiya, wadda ɗan makarantar allo ke isa gare ta da wuri saboda daga ƙananan surori ake farawa, ta yi kira a dubi halittar raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa. Suratul An'am ta kawo yadda Annabi Ibrahim ya kafa wa mutanensa hujja da faɗuwar tauraro da wata da rana. Littafin Ummul Barahin na Sanusi, wanda aka daɗe ana karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, a kan faruwar duniya ya gina hujjar samuwar Mahalicci. Ashe yaron da ya tsaya yana mamakin tururuwa a kan turbar malamai yake.

Al'ada ma ta tanadi nata amsoshin. Ta kira bakan gizo masha-ruwa, ta aurar da Zara ga wata, ta ga kaza da 'ya'yanta a cikin taurari. Idan aka yi husufi, yara kan fito suna kaɗa gwangwani da kwanoni don rana ta saki wata. Waɗannan bayanai ba ilimin falaki ba ne, amma suna ɗaukar tambayar yaro da muhimmanci. Hadisin husufin da ya auku ranar rasuwar Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), ya nuna yadda ake gyara: an kawar da camfin, an bar rana da wata a matsayin ayoyi abin lura.

Masu tsoron sakin linzami suna da hujja. Yaro kan kai ga tambayar wa ya halicci Allah, kuma tarbiyyar Hausa ta ginu a kan kunya da rashin ja-in-ja da manya. Amma tsawa ba ta kashe tambaya, ɓoye ta kawai take yi, har ranar da za ta sami amsa a wayar hannu daga wanda iyaye ba su sani ba. Uwar da ta ce "zo mu duba tare", ko uban da ya ce "mu tambayi malam", sun koya wa yaro ladabi da neman sani a lokaci guda.

A nan ne nauyi ya hau kan manazarta Hausa. Tun daga tarin tatsuniyoyin Frank Edgar da aka fara bugawa a 1911, hankali ya fi karkata ga abin da manya ke faɗa wa yara. Ya kamata sassan Hausa su tura ɗalibai cikin gidaje, birni da ƙauye, na Musulmi da na Kirista da na Maguzawa, su tattaro tambayoyin yaran kansu da amsoshin iyaye mata da kakanni, tun kafin hasken lantarki da talabijin su raba yaro da kallon sama bayan sallar isha'i.